Me ya sa jaririn ke zuwa lafiya lau, sai daga baya ciwo ya taso?

[Hoto: yaro cikin ɗakin roba]

Duk sanda hoton nan ya zagayo, sai ka ji an ce kanjamau ce. A'a. Wannan David Vetter ne, an haife shi a Houston ta Amurka a 1971, kuma cikin robar nan ya yi kusan duk shekarunsa 12, don kada ƙwayoyin cuta su kai gare shi. Ciwonsa SCID: an haife shi ba shi da fararen ƙwayoyin jinin da ake kira T, masu jagorantar yaƙi da cuta. Gado ne, ba ɗauka ake yi ba.

To ga inda mutane ke rikicewa. In da shi aka haifi yaro, yaya ake ganinsa ɓul-ɓul ranar suna?

[Zane: uwa da ɗan tayi]

A watannin ƙarshe na ciki, uwa tana tura wa ɗanta sinadaran kariya ta mabiyiya. Nata ne, ba nasa ba. Kowane jariri da wannan aron yake zuwa duniya, kuma kullum raguwa yake yi. Lafiyayyen yaro kafin aron ya ƙare jikinsa ya fara ƙera nasa. Mai SCID kuwa shiru. Kayan aro ba ya rufe katara.

Wajen wata uku zuwa shida sai abu ya fito fili: zawo ba ƙaƙƙautawa, ciwon huhu ya tafi ya dawo, farin abu a harshe ya ƙi jin magani, yaro ba ya ƙiba. Kuma lokacin ya zo daidai da fitar haƙori, don haka kun san abin da kakarsa za ta ce. Haƙori dai na shan ƙazafi a gidajenmu.

[Zane: bishiyar dangi]

Gadon kala biyu ne. Wani uwa ke ɗauke da shi ba ta sani ba, 'ya'ya maza yake kamawa, irin na David ke nan. Wani sai iyaye biyu sun haɗu, kamar sikila, shi ya sa ya fi yawa inda ake auren zumunci.

Magani? Dashen ɓargo, wanda aka fara cin nasararsa a 1968. In aka yi shi kafin wata uku da rabi, fiye da yara 90 cikin 100 suna rayuwa. Amurka tun 2018 kowace jiha take gwada jarirai da ɗigon jini daga dunduniya.

Ni dai a ganina, gidan da ya taɓa rasa jarirai a jere da irin waɗannan alamu, a faɗa wa likita tun a wurin awo, kada a jira haihuwa.