Don Allah ku daina rubuta "many news"

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, a waje nake, Landan yau sanyi ba sauƙi. Wani ɗan maƙwabcinmu a Zariya ne ya turo min takardar neman gurbin karatu da zai aika wa jami'a a nan, wai in duba masa. Kuɗi ya biya a shagon kwamfuta aka tsara masa. Ina buɗewa, layi na biyu: "I read many news every day." Wallahi raina ya ɓaci. Ba da yaron nake ba, da wanda ya karɓi kuɗinsa nake.

Ku tsaya ku ji. Mu muna da labari, muna da labarai, kana iya cewa na zo maka da labari biyu. Bature ba ya ƙirga news. A wurinsa kamar gari yake, sai dai ka ce kaɗan ko da yawa, ba ka cewa gari uku. Wannan "s" ɗin na ƙarshe shi ke ruɗar mutane. "The news is bad" ake cewa, ba "are" ba. In labaran na da yawa, "a lot of news". In tambaya ce ko korewa, "there isn't much news". In guda ɗaya ne tak, "a piece of news". Albishir kuma "I have some good news". Wannan "a good news" da muke ta zubawa a WhatsApp, babu shi. In dole sai ka ƙirga, to ka ce "many news stories", shi ke nan an wuce wurin.

Af, tunda na ambaci WhatsApp, saƙon nan da ke yawo wai NEWS na nufin North, East, West, South, ƙirƙira ce. Daga "new" kalmar ta fito, sababbin abubuwa. Kada ku kai wannan gaban malami.

Ga jaridar Metro a hannuna, kun gani? Kyauta ce, a tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ake jibge ta kowace safiya ranakun aiki. Da ita na goge Turancina, ba alfahari ba, yanzu a wurin aiki ni ake kawo wa takarda in gyara. Talabijin kuwa, hmm, sai ka biya lasisi, a Afrilun 2025 kuɗinsa ya kai fam 174.50 a shekara, kafin ka kalli tasha kai tsaye. Mu da muka tashi da rediyo a teburin mai shayi! Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake, ba wanda ya taɓa neman sisinmu. Ga shayi da burodi, ga musu kan siyasa har hantsi. Kai, na yi kewar gida.

To, kalmar media fa, wato kafafen yaɗa labarai? Nan ko Turawan ba su daidaita ba. Asalinta jam'i ce daga Latin, shi ya sa wasu ke nacewa kan "the media are", amma za ka ji "the media is" a bakin kowa. Duka biyun suna wucewa, ka dai riƙe ɗaya a takarda ɗaya. Inda ake faɗuwa shi ne nan: "a number of newspapers have reported", amma "the number of newspapers is falling". Harafi kaɗan ya canja, aikatau ya bi.

Kai mai shirin IELTS, jarrabawar gwada iya Turanci, ina gargaɗinka, kuɗin jarrabawar nan ba na wasa ba ne. "Informations", "advices", "equipments", duk 'yan gida ɗaya ne da "many news", kuma mai maki yana ganinsu. Kafin ka biya wani ya rubuta maka takarda, ka ce ya fara rubuta maka layi uku a gabanka ka gani.