Laccar Garwa: ɗaukar hoton nebula daga tsakar gida

Assalamu alaikum. Na baya kuna jina? Toh madalla. Malamai, iyaye, ɗalibai, ina gaisuwa. An bani minti arba'in, kuma abu huɗu nazo dasu: mene ne nebula, mene ne filta, kayan aiki, sai kuma aikin kwamfuta. Yaron da ke riƙe da agogo in lokaci yayi ka ɗaga min hannu, kar kaji kunya.

Na farko. A lokacin sanyi bayan isha'i in ka ɗaga kai gabas zaka ga taurarin nan uku a jere, kowa ya sansu, Turawa suna kiran rukunin Oriyon. A gefensu akwai wani ɗan layi na ƙananan taurari, na tsakiyarsu in ka lura kamar yana da hazo. Toh wannan ba tauraro bane guda, gajimare ne na iskar gas, shi ake ce wa nebula, mafi yawansa haidirojin, kuma hasken da ke shigowa idonka ya baro can shekara kusan 1,350 da suka wuce. A cikinsa akwai wasu sabbin taurari masu tsananin zafi, su ke watsa wani haske da ido baya gani, mai ƙarfin da yake fizge ilektoron, wato ɗan ƙaramin abin da ke kewaya tsakiyar ƙwayar zarra, daga jikin haidirojin. In ilektoron ya dawo gida baya dawowa lokaci ɗaya, mataki mataki yake saukowa, kowane mataki kuma da kalar hasken da yake fitarwa. Daga mataki na uku zuwa na biyu, ja yake fitarwa, tsawon zangonsa nanomita 656, nanomita ɗin ɗan mitsitsin ma'auni ne da ake auna zangon kowace kalar haske dashi. Ku riƙe lambar nan, H-alfa ake ce masa. Irin wannan gajimaren mai haskaka kansa shine abin farautarmu. Kaza da 'ya'yanta, wato Surayya, ita ma akwai hazo shuɗi a jikinta amma nata aro ne, ƙura ce ke maido hasken taurari, filtarmu bata mata aiki.

Yanzu filta. Dattawan da ke nan duk kun san rediyo mai gajeren zango, kana murɗa shi ana ta shuuu, har ka faɗa kan tashar da kake so. Sararin sama da dare haka yake, cike yake da hayaniya, fitilun titi, fitilar maƙwabci, farin wata, duk sun cika shi. Hasken da ido ke gani ya kama daga wajen nanomita 400 zuwa 700, faɗin 300 kenan. Ita kuwa nebula a tasha biyu uku kawai take magana. Sai ka samo ɗan gilashi, bai fi bakin kofin shayi ba, wanda aka yiwa shafe-shafe ta yadda baya barin komai ya wuce sai nanomita 7 kacal a kewayen 656, akwai ma na 3. Mai 3 ɗin nan kashi ɗaya cikin ɗari kawai yake bari. Hayaniyar gari ta tafi kusan duka, hasken haidirojin kuma ya wuce kusan yadda yake. Filta bata ƙara maka haske ko ɗigo, zubarwa take yi, na maimaita zubarwa take yi, shi yasa in ka ɗaga ta kana leƙawa sai kaga duhu kace an cuce ka. (dariya)

Filtocin uku ne da aka saba. H-alfa na faɗa. Akwai na farar wuta, S biyu, wajen 672, shi ma ja ne amma yafi duhu kuma rowa gareshi, sai ka kwana kana jira. Sai na oksijin, O uku, wajen 501, kore mai ratsin shuɗi. Toh wannan na oksijin ɗin, ku bani dama, don labarinsa ne ya jefa ni cikin wannan wahalar.

A 1864 wani Bature ɗan Ingila, William Huggins, yana da ɗakin kallon taurari a gidansa a Landan, shima ba ma'aikacin gwamnati bane, da kuɗin aljihunsa yake yi. A lokacin ana ta gardama, waɗannan hazo-hazon na sama taurari ne da suka yi nisa har suka haɗe, ko kuwa gas ne. Sai ya saka na'urar da ke rarraba haske kala-kala a bakin madubin hangen nesansa, ya juya kan wata nebula da ake ce wa Idon Kyanwa. Da taurari ne, da bakan gizo zai gani cikakke. Bai ga bakan gizo ba. Layi ya gani, siririn layi kore mai haske, da wasu 'yan raunana a gefe. Shikenan, a kan wannan nebular dai gardama ta mutu, gas ne. Amma sai wata sabuwa ta taso, gas ɗin me? Aka ƙona duk abin da za a ƙona a ɗakunan bincike, babu wanda ya bada wannan koren layin. Sai aka ce ai sabon sinadari ne wanda babu shi a duniya, har suna aka raɗa masa, nebuliyom. Kuma kar ku musu dariya, suna da hujja, don hiliyom a jikin rana aka fara ganin layinsa a 1868, sai 1895 aka same shi a ƙasa. In an yi sau ɗaya me zai hana a sake?

Shekara 63 ana neman nebuliyom. Shekara 63 jama'a! Sai a 1927 wani Ba'amurke, Ira Bowen, ya zauna da lissafi yace ku daina nema, oksijin ne. Oksijin ɗin nan da nake shaƙa ina muku surutu, illa dai an fizge masa ilektoron biyu. Toh me yasa bamu taɓa ganin koren a nan ba? Nan ne daɗin yake. In aka zungure shi ya hau sama, wannan matakin baya saurin saukowa, sai ya yi daƙiƙu da dama yana zaune kafin ya saki hasken. A iskar ɗakin nan kuwa, a ɗan wuri kamar kan ɗan yatsa, santimita ɗaya ta kowane gefe, akwai ƙwayoyi 25 da sifili 18 a bayansa, suna karo da juna sau biliyoyi a daƙiƙa guda, kafin ya saki hasken an bangaje shi ƙarfin ya tafi. A nebula, wurin nan guda ɗaruruwa ne ko dubbai, babu mai taɓa shi, sai ya gama jiransa ya fitar da korensa. Ma'ana in ka ɗauki hoto da filtar O uku, abin da ya fito maka a allo shaida ce cewa wurin wayam yake fiye da duk wani wayam da ɗan adam ke iya yi da sauƙi a ɗakin bincike. Daga tsakar gida a Garwa, da akuya tana cin igiyar shanya a bayanka. Ni dai wannan har yau bai daina bani mamaki ba, kuma malaman fizis na lise da ke nan, don Allah ku riƙa bawa yara labarin nan, ya fi musu haddar tebur.

Yaro ya ɗaga hannu? Tun yanzu? Toh na nawa muke, na biyu ko na uku... bari in haɗa sauran.

Kayan aiki. Kafin madubi, kafin kyamara, gindin da ke juyawa shine gaba. Sama tana juyawa digiri 15 a awa, kai kuma da filta sai ka buɗe kyamara minti uku zuwa biyar a hoto ɗaya, in gindin baya bin taurari sai su zama layi-layi. Saita shi kuma sai ka nuna wa tauraron arewa, wanda mu a nan digiri 9 kawai yake sama da ƙasa, katangar maƙwabci ma ta isa ta ɓoye shi. Amma Allah ya rama mana ta kudu. Nebular Karina, wadda ta ninka ta Oriyon girma nesa ba kusa ba, ɗan Faransa ko ɗan Jamus bazai taɓa ganinta daga gidansa ba, mu kuwa tana hawa mana wajen digiri 20 a watan Maris da Afrilu. Matsalar dai watannin nan kun san zafin Garwa, kyamara in ta ɗau zafi sai hoto ya cika da ɗige-ɗige, shi yasa ake son mai sanyaya kanta. Ga kuma ƙurar hunturu da ke tasowa daga Bodele a Chadi, filta tana maganin fitila amma bata maganin ƙura. A ganina lokacin da yafi shine ƙarshen Oktoba zuwa Nuwamba, ruwa ya ɗauke ya wanke sama, hazo bai sauko ba. Batir na 12 volt ya wadatar, kuma in an ɗauke wuta duk unguwa ana tsaki ni kaɗai nake hamdala. (dariya)

Kwamfuta a gurguje: hoto ɗaya ba komai bane, ka ɗauki da yawa ka ɗora su kan juna, in ka ninka yawansu sau huɗu tsabtar ta ninku sau biyu. Siril, manhajar da ke yin wannan ɗorawar, kyauta ne. Ka ɗauki wasu da murfi a rufe don cire ɗige-ɗigen kyamara. Na'am Alhaji, bismillah.

(Tambaya daga wani dattijo: Malam, hoton da ka nuna mana ɗazu mai ruwan zinare da shuɗi, kai da bakinka kace haidirojin ja ne. Wannan ba ƙarya ake mana ba?)

Allah ya ƙara girma Alhaji, ka kama ni a inda ya dace. Gaskiya in da zaka je can da idonka bazaka ga zinare ba. Kowace filta hoto baƙi da fari take bayarwa, mu ne muke raba musu kala. Matsalar itace haidirojin ja, farar wuta ma ja, tazararsu nanomita 16 ne, in ka basu kalarsu ta asali sai su cakuɗe baka san wane ne wane ba. Shi yasa masu madubin Hubble, wanda ke can sararin samaniya, a shahararren hoton nan na ginshiƙan nebular Gaggafa na 1995, suka bawa farar wuta ja, haidirojin kore, oksijin shuɗi, mu ma muka kwaikwaya, inda jan da koren suka haɗu kuma shine ruwan zinaren da ka gani. Inda kaga shuɗi oksijin ne a wurin da gaske, siffar duk gaskiya ce, kalar ce alama. Ƙarya tana shigowa ne in mutum ya saka a Facebook yace haka ido ke gani, ko ya ɗauki burushi ya ƙara abin da kyamara bata kamo ba, wannan kam bana goyon baya. Ni in na saka nawa ina rubuta filtar da nayi amfani da ita a ƙasa. Kuma wanda yake son kusa da asali, ya bar haidirojin a ja, oksijin a kore-shuɗi, ya ajiye farar wuta gefe, dama itace mai cin lokaci.

Ƙanwata ta can baya tana tambaya ko waya zata iya. Da filtar nan dai a'a, wahala zaki sha, amma ki jingina wayar da wani abu ki saka yanayin dare, Oriyon zata fito miki ɗan tabo. Ga kiran sallah nan an fara. Wanda yake son riƙe filtar a hannunsa ya same ni a bakin ƙofa bayan an idar, ta gefe ake kamawa, kar a taɓa gilashin.