Jagwalgwalon da masu zanen bango ke farawa da shi

Ku dubi bangon ɗakin yaro da ake shirin yi wa zane. Haruffa, lambobi, kibiya nan, tauraro can, kamar an bar yaro da alli an fita unguwa. Tun da bidiyon irin wannan aiki ya fara yawo ake ta tambayata: wai me ya sa mai zanen ɗakin yaro yake fara ɓata bangon? To, awo yake yi.

Sharar fage ba sai na ja ta ba, ga ta a taƙaice: wanki da ruwan sabulu, toshe ramuka, fentin farko. Abu ɗaya dai, in gidan ya tsufa kada ku kankare tsohon fenti a bushe. Wani yana ɗauke da dalma, ƙurarta kuwa guba ce ga ƙwaƙwalwar yaro.

Yanzu ga inda ake rikicewa. Raƙumin dawan da za mu zana a takarda taƙi ɗaya ne, a bango kuma muna so ya kai mita 2. Da kun matsa dab da bango, ba ku ganin dabbar gaba ɗaya, sai hannu ya yi ta cinta. Haka ake ƙarewa da raƙumin dawa mai wuyan akuya. Tsohuwar dabara ita ce a raba takarda da bango gida-gida kamar dara, santimita 2 a takarda ya zama 20 a bango. Tana aiki, amma awon kaɗai sai ya cinye wuni.

Jagwalgwalon nan shi ya maye gurbin gidajen. Na cika bangon da alamu. Na ja baya, na ɗauki hoto. A waya na ɗora zanen raƙumin a kan hoton, na rage duhunsa har ina hango bangon ta cikinsa. Kun gani? Idonsa ya faɗa cikin lamba 8. Kunnensa ya taɓa ƙafar harafin K. Sai in koma bango, in nemo 8, in ɗiga ido. Daga alama zuwa alama, har jela.

Kada ku maimaita alama iri ɗaya. In kun cika bango da da'ira zalla, wacce ce ta ido? Hoton kuma a tsakiyar bango za ku tsaya, waya a miƙe. In ta karkata, dabbar ma a karkace za ta fito, kuma ba za ku lura ba sai fenti ya hau.

Sannan alli, don Allah, alli. Ni na taɓa yi da baƙar maka, wato alƙalamin nan mai kaurin baki. Shafi uku na yi, lamba 5 tana nan tana leƙowa daga cikin giwa, don tawadar maka ratsa fentin ruwa take yi. Alli kuwa jiƙaƙƙen tsumma ya ishe shi.

Kafin ku buɗe gwangwani, ku durƙusa. Ɗan shekara 3 bai cika mita ɗaya ba, daga nan ƙasa yake kallon duniya. Ni dai ra'ayina, in fuskar babbar dabba ta yi sama, a sa masa ƙarama a ƙasa, wadda zai yi wa magana ido da ido.

Saura shafa fenti. Fentin ruwa mara wari, ba na mai ba. Manyan wurare tukuna, shafi biyu marasa kauri, baƙin layi a ƙarshe da siririn burushi.

Cikin awa ɗaya ko biyu za ku taɓa ku ji ya bushe. Saman ne kawai. A bar tagogi a buɗe, yaro ya kwana wani ɗaki na kwana biyu zuwa uku. In ya sa hannun maiƙo a wuyan raƙumin, kuma zai sa, a jira kamar wata guda fentin ya kama sosai kafin a goge da ruwa.