Fodkas: Man silikon a cikin ido, me ke sa shi jawo kumburi?

Bilkisu: Likita, mutum an yi masa tiyata don tantanin bayan idonsa ya ɓanɓare, an cika idon da man silikon, sai bayan watanni ido ya yi ja yana zafi. Man ne ya lalace?

Dakta Auwal: Kusan haka. Ana zuba shi ne bayan an kwashe ruwan nan mai yauƙi na cikin ido, don ya tokare tantanin har ya manne. Tun 1962 aka fara amfani da shi. Muddin yana dunƙule wuri guda, lafiya lau. Matsala sai ya fara tsinkewa ƙanana-ƙanana.

Dakta Rabi: Kamar ki kaɗa mai da ruwa a kwalba. Motsin ido, jinin da ya rage, da furotin na kumburi duk suna sa shi tsinkewa. Ƙwayoyin garkuwar jiki su haɗiye ɗigon, su kasa narkar da shi, kumburi ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Bilkisu: To ya ake bambance shi da ƙwayar cuta?

Dakta Rabi: Da fitilar duba ido. Man ya fi ruwa rashin nauyi, don haka farin layinsa a saman baƙin ido yake taruwa. Mugunyar da ƙwayar cuta ke kawowa kuwa ƙasa take kwanciya, ga zafi mai tsanani, gani na raguwa cikin kwana ɗaya ko biyu. Wannan ba ta jira sai gobe.

Dakta Auwal: Sai dai akwai mai nauyi, irin Densiron 68, da ke nutsewa ƙasa. Shi ma ya fi saurin tayar da kumburi.

Bilkisu: Mai kauri ya fi?

Dakta Auwal: Man da kaurinsa ya kai 5000 a ma'aunin kauri ya fi na 1000 jinkirin tsinkewa, amma ya fi wuyar zuƙewa. Abin da na fi tsoro shi ne ɗigon ya toshe magudanar ruwan ido, matsin cikin ido ya haura 21 a ma'auni, wato ya wuce ƙima, jijiyar gani ta lalace shiru.

Dakta Rabi: Maganin ɗigawa na sitiroyid yana kwantar da kumburi, amma shi kansa yana iya ɗaga matsin, dole a riƙa aunawa. Ainihin magani cire man, galibi tsakanin wata 3 zuwa 6.

Bilkisu: In an cire da wuri fa?

Dakta Auwal: Tantanin na iya sake ɓanɓarewa. Shi ya sa sai an leƙa an tabbatar ya manne kafin a sa rana.