Fodkas: Lokacin da Ke Cikin Fayil ɗin ISO

Hadiza: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Sakkwato. Ina tare da Malam Bello da Aminu. Wani mai gyaran kwamfuta daga Mabera ya aiko da tambaya. Ya buɗe fayil ɗin ISO na Linux, wato kwafin faifai gaba ɗaya cikin fayil guda, ya ƙara manhajojinsa, ya sake haɗa shi, ya sa a filash. Da ya kunna, GRUB ya tsaya ya ce bai ga na'urar ba. Malam, mi ya faru?

Malam Bello: Wa alaikumus salam. Kwanan wata ne ya canza masa. GRUB shi ne manhajar da ke tayar da kwamfuta, kuma kafin ya ci gaba sai ya nemo faifan da sauran fayilolinsa suke. Yakan nema da wata lamba da ake kira UUID. To, tsarin ISO 9660 ya fito tun 1988, kuma ba a tanadi gurbin wagga lamba a cikinsa ba.

Aminu: To ina yake samo ta, Malam?

Malam Bello: Daga lokacin da anka rubuta cewa an yi wa faifan gyara na ƙarshe. A sashe na 16 akwai bayanin faifan gaba ɗaya, kowane sashe bayit 2048 ne. A nan akwai gurbin lokaci mai bayit 17. Lambobi 16 na farko su ne shekara, wata, rana, awa, minti, daƙiƙa, da kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa. Su GRUB ke jerawa ya mai da su sunan faifan.

Hadiza: Bayit na ƙarshen fa, na 17?

Malam Bello: Bambancin agogon gari ne da GMT, ana ƙirga shi minti 15-15. Namu na Najeriya awa ɗaya ne, wato 4. Shi ba ya shiga lambar.

Aminu: Ashe da ya sake haɗa fayil ɗin, sabon lokaci ya hau, alhali grub.cfg, fayil ɗin umarnin GRUB, yana nan yana neman tsohon.

Malam Bello: Ka gane ke nan. Layin da ke cewa search --fs-uuid bai san an yi sabon haɗi ba.

Hadiza: Amma Malam, ba ya canza ranar fayil ɗin kawai ba, da umarnin touch?

Malam Bello: A'a, Hadiza, nan mutane da yawa ke ɓata wuni. Wannan ranar ta waje ce, wadda kwamfutarki ke nunawa. GRUB ta ciki yake karantawa. Sai dai a saita ta a wajen haɗawa. Da xorriso, manhajar haɗa ISO da Thomas Schmitt ke kula da ita, a cikin umarnin da ke farawa da -as mkisofs, a ƙara --modification-date=2024031509300000 misali. Lambar za ta fito 2024-03-15-09-30-00-00. Ya fara duba tsohon fayil da blkid, umarnin da ke nuna UUID, ya kwafe lambar, ya cire sandunan tsakani.

Aminu: Ni ina da ja a nan, Malam. In tsohon da sabon sunka ɗauki lamba ɗaya, ya soka filash biyu a kwamfuta guda fa?

Malam Bello: Kamar Muhammadu biyu a gida ɗaya ne, wanda ya fara amsawa shi GRUB zai bi. Gaskiyarka. In duka biyun zai riƙe, gara ya zaɓi sabon lokaci da hannunsa, ya rubuta shi cikin grub.cfg tun kafin ya haɗa, sannan ya ba xorriso shi. Ya kuma lura, wani lokaci akwai kwafin wanga layi a cikin ɗan fayil ɗin EFI, wanda kwamfutocin zamani ke fara tashi da shi, shi ma sai an gyara.

Hadiza: Mai tambaya daga Mabera, ka gwada ka aiko mana da abin da blkid ya nuna maka.