Daga Marin City: yadda ake karanta waƙoƙin ƙuruciyar Tupac

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Ku yi haƙuri da ƙarar iska, nan kusa da bakin ruwa ne, wancan gurnanin da kuke ji a bayana kuma babbar hanya ce mai lamba 101. Inda nake tsaye sunansa Marin City, a jihar Kalifoniya ta Amurka, kamar kilomita 8 arewa da gadar Golden Gate. Bari in juya kyamara. Kun ga benayen can da suka jingina da tudu? Golden Gate Village ke nan, gidajen gwamnati na masu ƙaramin ƙarfi, kusan 300. An kafa garin a 1942 domin ma'aikatan da ke ƙera jiragen ruwa lokacin yaƙin duniya na biyu a Sausalito, nan maƙwabta. Da yaƙi ya ƙare fararen fata suka kama gabansu, baƙaƙe suka zauna, don a wancan zamani ba a sayar musu da gida a sauran unguwannin yankin. Nan Tupac Shakur, mawaƙin gambarar nan na Amurka, ya sauka a 1988, yana ɗan shekara 17.

Yau ba maganar gambararsa za mu yi ba. Ga abin da ya kawo mu, wannan ɗan littafin da ke hannuna, The Rose That Grew from Concrete, wato furen wardin da ya tsiro daga kankare. Rubutattun waƙoƙi ne guda 72 da ya rubuta tsakanin 1989 da 1991, bai wuce shekara 20 ba, kafin faifansa na farko ya fito a watan Nuwamba na 1991. An harbe shi a Las Vegas ranar 7 ga Satumba 1996, ya cika ranar 13, yana da shekara 25. Littafin bai fito ba sai 1999, shekara uku bayan mutuwarsa. Ku riƙe wannan da kyau: ba shi ya zaɓi waƙoƙin ba, ba shi ya jera su ba, bai kuma samu damar gyara ko ɗaya ba. Wata mata, Leila Steinberg, wadda ke tara matasa a zauren koyon rubutu a wannan yanki, daga baya ta zama manajarsa ta farko, ita ce ta adana takardun. Ita ta rubuta gabatarwa, mahaifiyarsa Afeni Shakur da marubuciya Nikki Giovanni su ma kowa ta sa albarkacin bakinta a farkon littafin.

An kasa shi kashi huɗu. Na farko kan shi kansa ne da kaɗaicinsa, na biyu soyayya da abota, na uku da na huɗu kuwa sun fi karkata ga 'yanci, gwagwarmaya da zaluncin hukuma. Amma abin da ya bambanta littafin shi ne tsarin shafi. Ku matso. Kowace waƙa sau biyu ta zo: a shafi ɗaya hoton rubutun hannunsa, a shafin da ke fuskantarsa kuma bugun inji. Yawancin masu karatu idonsu na zarcewa kan bugun inji don ya fi sauƙi. Kuskuren farko ke nan. Sa tafin hannunka ka rufe shi, ka fara da rubutun hannun. Can za ka ga inda ya soke kalma, inda ya ƙara girman harafi don ya ɗaga murya, da 'yan zane-zanen da yake yi a gefe. Inji ya share duk wannan ya mayar da waƙar tsaf-tsaf kamar ta dattijo, alhali yaro ne da biro da littafin makaranta.

Sai alamominsa, waɗanda in ba ka san su ba za ka yi ta tuntuɓe. Lamba 2 tana tsaya wa kalmar Turanci to ko too, don furucinsu ɗaya. Lamba 4 ita ce for. Harafin U shi ne you, R shi ne are, C shi ne see. Wani wuri maimakon ya rubuta I, wato ni, sai ya zana ido, saboda sunan ido da Turanci haka yake fita a baki. Matasan yau za su ce ai salon tura saƙo ne a waya. A 1989 ba a fara tura saƙon tes ba tukuna. Ba kuma rashin ilimi ba ne: yaron da ya yi makarantar fasaha ta Baltimore, ya karanci wasan kwaikwayo da waƙa da rawa, ya hau dandamali da wasannin Shakespeare, ya san yadda ake rubuta you. Alamomin na gaya maka cewa don kunne aka yi rubutun. Saboda haka ka karanta a bayyane, kada ka karanta a zuci.

Bari mu gwada da waƙar da aka sa wa littafin sunanta. A takarda ɗango takwas ne. Ka karanta da baki, za ka ji ashe dogayen ɗango huɗu ne aka karya kowanne biyu, kuma amsa-amon yana faɗowa ne a ƙarshen na biyu, na huɗu, na shida da na takwas. Idan ka tsaya numfashi a ƙarshen kowane layi kamar yadda ido ya gani, ka kashe ta. Ka tsaya inda amon ya faɗo. Na farko concrete da feet, wannan ya zauna daram. Na biyu air da cared, a ido ba su dace ba, amma a bakin baƙar fatar Amurka da ke sassauta harafin ƙarshe sun hau juna. Malamin adabin Hausa da ya saba da babban amsa-amo mai tafiya daga baitin farko har na ƙarshe ba tare da ya goce ba zai ce wannan ƙafiya ta karye. Ba ta karye ba, ma'aunin ne daban. A ƙarƙashin sunan waƙar ya rubuta cewa tarihin kansa ne, to furen shi ne, kankaren kuma ga shi nan ina takawa. Ku dubi wannan tsagar da ke gefen titi, da 'yar ciyawar da ta leƙo ta cikinta. Ba wani hoto mai nisa ya nemo ba, abin da yake tsallakewa ne kullum.

Wani ɗan gyara a nan. Akwai zancen da ke yawo a Facebook da TikTok, wai ba a tambayar furen da ya fito daga kankare dalilin da ganyensa ya yage, sai dai a yaba naci nasa. Maganarsa ce, amma da baki ya yi ta, ba ta cikin rubutacciyar waƙar. Masu haɗa hotuna ne ke liƙa su wuri guda.

Kuskure na biyu, kuma mawaƙanmu matasa sun fi faɗawa ciki: ɗora waƙoƙin nan a kan kiɗa. Gambara tana da awo. Kowane layi bugu huɗu, baiti yawanci layi 16, sai amshi, kiɗan kuma na tafiya kusan bugu 90 a minti. Waƙoƙin littafin nan ba a auna su da wannan mudu ba. Wani ɗango gaɓa shida, na bayansa goma sha biyar. In ka tilasta su kan kiɗa, ko dai ka haɗiye kalmomi a dogon, ko ka ja gajeren har ya rasa ma'ana. Ba su da amshi, da yawansu ko layi 16 ba su kai ba. Ko faifan da aka fitar a shekarar 2000 da sunan littafin, inda irin su Danny Glover da Mos Def suka ɗauki waƙoƙin, wuraren da aka bar murya ta yi karatu kiɗa na bin ta a baya sun fi daɗin ji a kunnena.

Yanzu abin da na fi so mu daɗe a kai, sadaukarwa. A ƙarƙashin sunan waƙoƙi da dama akwai ɗan layi da ke cewa don wane. Wanda ya tsallake layin nan ya bar makulli a ƙofa. Akwai wadda ya yi wa Huey Newton, ɗaya daga cikin mutum biyu da suka kafa ƙungiyar Black Panther ta fafutukar baƙaƙen fatar Amurka, wanda aka harbe a Oakland, tsallaken ruwan nan, ranar 22 ga Agusta 1989. Akwai wadda ya yi wa mahaifiyar Yusef Hawkins, yaro ɗan shekara 16 da gungun matasa fararen fata suka tare aka harbe shi a unguwar Bensonhurst ta New York ranar 23 ga Agusta 1989. Kun ji? Kwana ɗaya tsakani. Tupac na da shekara 18 a makon nan. Akwai ta Nelson Mandela, wanda aka sako daga kurkuku ranar 11 ga Fabrairu 1990. Wato littafin nan kusan jarida ce ta abin da yaron ke ji a labarai, yana mayar da martani da biro.

Ba kuma daga nesa yake kallon siyasar ba. Mahaifiyarsa 'yar Black Panther ce, ta yi zaman kurkuku da cikinsa, kotu ta wanke ta a watan Mayu 1971, ta haife shi ranar 16 ga Yuni. A waƙar da yake cewa 'yanci na buƙatar tabarau, ya kira sunaye huɗu da in ba ka san su ba waƙar ba za ta buɗe maka ba. Mutulu mijin mahaifiyarsa ne, an yanke masa shekara 60 a 1988. Geronimo Pratt ubangidansa ne na suna, ya yi shekara 27 a tsare kafin kotu ta soke hukuncin a 1997, abin da Tupac bai rayu ya gani ba. Oliver shi ne Oliver North na badaƙalar sayar wa Iran makamai, Ronnie kuwa Shugaba Ronald Reagan. Hujjar waƙar ke nan: shari'a ta yi karo da biyun farko, ta tsallake biyun ƙarshe.

Sai wadda ta fi nauyi, kan faɗuwar gwarzon mutum, ya kuma rubuta a fili cewa gwarzon mahaifiyarsa ce. A shekarun nan Afeni ta faɗa shan kirak, dunƙulen hodar ibilis da ya cinye unguwannin baƙaƙe a lokacin, daga baya ta daina. Ba zagi a waƙar. Tambaya ce ta yaron da aka koya wa ƙarfin hali, yanzu wadda ta koya masa ta kasa, bai san wa zai kalla ba. Akwai wata ma da ya sadaukar ga ƙwayar kanta, yana mata magana kamar mutum. Wanda ya san waƙarsa Dear Mama ta 1995 zai ga tushenta a nan, tun ba a yafe ba.

Gaskiya kuma, ba duka 72 ɗin ne suka nuna ba. Waƙoƙin soyayyar da yawa ɗanyu ne: zuciya, hawaye, taurari, har abada, irin abin da kowane ɗan sakandare ke rubutawa a bayan littafin lissafi. Ta Jada Pinkett, abokiyarsa tun Baltimore, ta fi sauran rai. Saura ka wuce su da sauri, ba ka yi asara ba.

Kuskure na uku shi ne mayar da shi mai duba. Akwai waƙar da yake cewa yana jin zai mutu kafin lokacinsa, yana fatan ya zama a kan wata aƙida ce. Mutane na ɗaukar ta su ce ya hango Las Vegas. Gaibu sai Allah. Yaron da ya tashi a gidan da ake ɗaure manya, yana jin labarin kisan tsararsa, ba ya buƙatar duba kafin ya yi tunanin ajali. Haka nan kada taushin littafin ya sa a yi masa rawanin waliyyi. Wanda ya rubuta waɗannan shi ne kotun New York ta ɗaure a 1995 kan laifin cin zarafin wata mata. Littafin hoton shekara biyu zuwa uku ne na rayuwarsa, ba duka ba.

Masu son juya su zuwa Hausa, ga inda ake zamewa. Alamomin 2 da 4 da zanen ido ba sa ƙetarowa, don biyu da huɗu da ido ba su yi kama da wata kalma tamu ba. Ka bar su, kada ka ƙirƙiro na dole. Kada kuma ka cusa waƙar cikin ƙwar biyu ko ƙwar biyar da kari na aruli: za ka ƙaro kalmomi don cike awo, ɗango takwas su zama ashirin, muryar yaro ta koma ta malami mai wa'azi. Waƙar tabarau tana da tarko nata. A Turanci 'yanci da adalci mata ne, ɗaya mutum-mutumin da ke tashar ruwan New York, ɗaya mai riƙe da sikeli an ɗaure mata ido da ƙyalle. A Hausa dukansu biyu maza ne a nahawu. In ka ce Shari'a don ka samu mace, kunnen Bahaushe zai tafi kotun alƙali, ba nan Tupac ya nufa ba. Mafita ita ce ka ba su laƙabi, Uwargida 'Yanci da Uwargida Adalci, sannan ka yi wa mai sauraro bayanin ƙyallen tun kafin ka fara: a wurinsu rufe idon yabo ne, alamar ba sani ba sabo. Shi kuma ya juya yabon ya ce makanta ce kawai, a kai su shagon tabarau. In babu wannan bayani, barkwancin ba zai faɗo ba.

Ita ma kalmar wardi ku yi hattara da ita. Da yawa sun fi sanin ta a turare da ruwan wardi fiye da a reshe. In masu sauraronka ba su taɓa ganin itacen ba, ka ce fure kawai. Kankare kuwa a bar shi kankare, kada a mayar da shi dutse ko fako, don dutse halitta ce, shi kuwa wannan mutum ne ya kwaɓa ya zuba.

Hazo ya fara gangarowa daga kan tudun, hoton zai dushe. Ga motar da za ta tsallaka gada ta iso, bari in sa littafin a jaka. Sai mun haɗu a Oakland.