Lacca: Jiragen Katako Masu Zubi Ɗaya

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, 'yan'uwa maza da mata, na gode ƙwarai. Na baya, kuna ji na? To madalla. Abu uku zan faɗa a kan jiragen ruwan tsere na katako, waɗanda iska ke turawa in ta cika musu ƙyalle, kuma duk zubinsu ɗaya.

Na farko, asalin abin. A da can a Turai, mai kuɗi ke cin tsere. Bana ya sha kaye, baɗi ya sa a ƙera masa sabon jirgi da ya fi na kowa tsawo da faɗin ƙyalle. Kamar a sukuwa ne attajiri ya sayo ingarman da babu irinsa. In ya zo na ɗaya, mahayi za a yaba ko doki? Sai wani lauya a ƙasar Ayalan, Thomas Middleton, ya kawo shawarar kowa ya yi jirginsa da zane ɗaya, awo ɗaya, a ga wanda ya iya karanta iska da ruwa. A 1887 aka fara, da 'yan ƙananan jirage masu ƙafa 13 da ake kira Water Wag. Har gobe ana tserensu da yammacin Laraba a tashar Dún Laoghaire, kusa da Dublin.

Amma ni inda zuciyata take shi ne Howth, wani garin masunta a arewacin Dublin. Ku ba ni aron kunnuwanku a nan. A 1897 wani ɗan ƙungiyar masu tseren jirage ta garin, Herbert Boyd, ya zana jirgin da ake ce wa Howth 17, don ƙafa 17 ne tsawon inda yake taɓa ruwa. Kafinta John Hilditch ya ƙera biyar na farko a Carrickfergus, can arewa. A 1898 masu su suka je suka tuƙo su ta teku har gida, wajen mil 90, babu inji, cikin sanyin Afrilu. Ku ji sunayen: Rita, Leila, Silver Moon, Aura, Hera. Hajiya Laila, ga takwararki nan! (Dariya.) Jama'a, duka biyar ɗin suna nan. Na ce duka biyar! Kuma ba a gidan tarihi aka jingine su ana kallo ba, tsere suke yi duk shekara, da ƙyalle irin na kakanni, har da ƙaramin nan na can ƙololuwa.

Me ya raya su? Dokar zubi ɗaya. Tunda an hana kowa sake fasali, sabon jirgi bai fi tsoho da komai ba, don haka babu dalilin yar da tsoho. Katako ya ruɓe, a cire a sa wani daidai awonsa. Shi jirgin katako, in ya yi hunturu a tudu bushewa yake, ranar da aka mayar da shi ruwa sai ya yi ta yoyo har katakon ya sha ruwa ya kumbura ya toshe kansa. Wannan ilimi a hannu yake, wanda bai taɓa kwarfe ruwa daga cikin jirgi ba ba zai gane shi ba. A Maris na 2018 guguwar Emma ta rusa rumfar da aka ajiye wasunsu. Ɗaya mai suna Anita ya yi raga-raga, aka sake gina shi a Douarnenez ta Faransa, ya dawo cikin 'yan'uwansa. Wannan abu yana taɓa ni ƙwarai.

Na uku... na biyu ne ko? Shugaba yana nuna mini agogo, bari in yi sauri. Wasu ƙasashen ma suna da nasu jiragen masu zubi ɗaya. Akwai XOD na Ingila, zanen Alfred Westmacott, da aka fara tserensa a 1911. Akwai Folkboat na Suwidin, 1942. Akwai Dragon na Johan Anker, mutumin Norwe, 1929, wanda ya shiga Olamfik daga 1948 zuwa 1972.

(Tambaya daga zaure: Malam, tunda wahalar katako ta yi yawa, me ya hana a yi su da robar nan mai zaren gilashi?)

Allah ya saka, ɗan'uwa, ai an yi. Masu Dragon sun yarda da ita a 1973, da sharaɗin nauyi da fasali su zo daidai da na katako, don kada tsofaffin su zama tarkace. Ta rage kuɗin gyara, ta jawo sababbin mutane, ban raina ta ba. Su mutanen Howth sun tsaya kan katako, ko sabo za a yi yau sai an bi zanen Boyd. Ni ina bayansu, domin muddin ana buƙatar kafinta, za a sami yaron da zai zauna gabansa ya koya. Kuma ko cikin Dragon ɗin, Bluebottle, wanda aka ba Gimbiya Elizabeth da Yarima Philip kyautar aure, ya kuma ci tagulla a Olamfik na Melbourne a 1956, na katako ne, an gyara shi ya koma tsere. Akwai wata tambayar? Baba, ga makirufo nan zuwa.